Waƙa 12 cikin 15 na wasu ne: basirar Paul McCartney ce ta ƙare?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, na ci karo da wani kundin waƙoƙi na Paul McCartney mai suna Run Devil Run. Da na duba sai na ga waƙa 15 ne a ciki, amma uku kaɗai ya rubuta da kansa, sauran 12 duk na mawaƙan da ne. Mutumin da ake cewa Ingila ba ta yi marubucin waƙa kamarsa ba, me zai sa ya koma rera na wasu? Basira ce ta ƙare masa, ko neman kuɗi ne cikin sauƙi? Kuma shin wannan ba sata ba ce?"

Ƙanena, ka ƙidaya daidai. Nasa guda uku su ne "Run Devil Run" da "Try Not to Cry" da "What It Is", ragowar kuwa waƙoƙi ne da suka yi tashe tsakanin 1953 da 1959, lokacin da shi Paul ɗin, tsohon ɗan ƙungiyar mawaƙan Beatles, yake yaro a Liverpool. Na daɗe ina aikin gabatar da kiɗan ƙasashen waje a rediyo, na kuma zauna a situdiyo na ga yadda ake ɗaukar murya, don haka irin wannan kundi ba baƙo ba ne a wurina. Da yawansu zarginka ya hau kansu daram. Wannan kam bai hau kansa ba, kuma zan gaya maka dalili.

Batun ƙarewar basira shi ne mafi sauƙin warwarewa. Shekara biyu kafin wannan kundi, a 1997, ya fitar da Flaming Pie, wanda waƙoƙinsa ne na ƙashin kansa, ya kuma kai mataki na biyu a kasuwar Birtaniya da ta Amurka. Bayansa ma bai ajiye alƙalami ba: Egypt Station ya hau na ɗaya a Amurka a 2018, McCartney III ya hau na ɗaya a Birtaniya a 2020, a lokacin yana ɗan shekara 78. Rijiyar da ake ta ɗiba shekara 20 bayan haka ba za a ce ta ƙafe a 1999 ba.

Abin da ya faru a tsakanin wani abu ne daban. Ranar 17 ga Afrilu 1998 matarsa Linda ta rasu a Tucson da ke jihar Arizona, tana da shekara 56, bayan fama da sankarar mama. Shekara 29 suka yi da aure. Tare suke hawa dandali a ƙungiyar Wings, tare suke tafiya, tare suka yi renon 'ya'yansu, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa in ban da 'yan kwanakin da aka tsare shi a Tokyo a 1980, da wuya a ce ga daren da suka kwana a rabe. Kusan shekara guda ya janye jikinsa daga idon jama'a. Ya kuma faɗa cewa Linda ta daɗe tana matsa masa ya yi kundin tsantsar kiɗan rok irin na da, domin ita ma da shi ta tashi a New York.

Yanzu ka riƙe wannan, ka koma baya shekara 42. A ƙarshen watan Oktoba na 1956 mahaifiyarsa Mary, wadda ungozoma ce, ta rasu, kuma ciwon da ya ɗauke ta shi ne dai sankarar mama. Paul yana da shekara 14. Ƙaninsa Mike ya ba da labarin cewa bayan rasuwar ne yayan nasa ya dulmiya cikin jita, ba dare ba rana. To me yake koyo a jitar? Waƙoƙin Gene Vincent da Elvis Presley da Little Richard da Carl Perkins da Fats Domino, wato mutanen da ka gani a jerin sunayen bayan wannan kundin. Ciwo ɗaya ya raba shi da uwa yana yaro, ya dawo ya raba shi da mata yana da shekara 55, shi kuma ya koma ya nemi maganin da ya sha a karon farko. Wannan fahimtata ce, ba maganarsa ba, amma duk wanda ya jera shekarun waƙoƙin kusa da shekarar rasuwar mahaifiyarsa zai ga abin da na gani. Na kuma ga irinsa a gidanmu. Da mahaifiyarmu ta rasu, mahaifinmu bai cika magana ba, amma kullum bayan isha'i sai ya ɗauko wani tsohon kaset na Shata wanda suke ji tun suna amarya da ango, ya sa shi ƙasa-ƙasa, ya zauna a bakin ƙofa. Ba sabuwar waƙa yake nema ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda aka ɗauki kundin ma ya isa ya nuna maka inda zuciyarsa take. A farkon watan Maris na 1999 ya koma situdiyon Abbey Road a Landan, ɗaki na biyu, inda Beatles suka yi mafi yawan aikinsu. Ya tara David Gilmour na Pink Floyd da Mick Green na tsohuwar ƙungiyar Johnny Kidd and the Pirates a kan jita, Ian Paice na Deep Purple a kan ganguna, Pete Wingfield a kan fiyano, shi kuma ya rataya jitarsa ta bes yana kaɗawa yana rerawa a lokaci guda. Furodusan da ya taya shi shi ne Chris Thomas, wanda tun 1968 ya yi aiki da Beatles yana mataimakin furodusansu George Martin. Mafi yawan aikin a mako ɗaya aka gama shi, ragowar a watan Mayu, inda Dave Mattacks da Geraint Watkins suka sa hannu.

Babu wanda aka aika wa jerin waƙoƙi tun daga gida. Paul yakan zo da ambulan cike da takardun da ya rubuta baitoci a kansu da hannunsa, bayan ya zauna ya saurari tsoffin faya-fayan yana kwafa, kamar yadda yake yi yana ɗan makaranta. Wani wurin ma bai ji kalmar da kyau ba, sai ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi. Da hantsi sai ya zaro takarda ɗaya ya tambayi makaɗan ko akwai wanda ya san waƙar. Sau da yawa a ce masa a'a. Sai ya ɗauki jita ya rera musu ita na 'yan mintuna, kowa ya koma kan kayansa, a danna na'ura. Kafin abincin rana an gama biyu, bayansa a ƙara, da yamma kowa ya kama hanyar gida. Haka Beatles suke aiki a farkonsu. Ranar 11 ga Fabrairu 1963 waƙa goma suka ɗauka a yini ɗaya don kundinsu na farko.

Kai da ka san situdiyon yau, ka san bambancin. Yanzu mawaƙi yakan shiga ɗaki shi kaɗai, a sa masa kiɗan da kwamfuta ta haɗa, ya rera layi ɗaya a tsayar, ya sake, a tsayar, daga baya a yanka a liƙa, a miƙe masa muryar da manhaja. Babu laifi a ciki, sana'a ce. Amma idan mutum biyar suka tsaya a ɗaki ɗaya suna kallon juna, waƙar da suka koya minti goma da suka wuce, babu wanda yake da damar yin ado. Mai ganga yana bin numfashin mai waƙa, mai jita yana jiran ya ga an ɗaga masa kai. Mutumin da baƙin ciki ya danne, abin da yake buƙata ke nan: aikin da ba ya barin ka ka zauna kana saƙa da warwara.

Ka sa abin sauraro a kunne ka buɗe "No Other Baby". A nan ne za ka san ko sake rera waƙar wani aikin banza ne ko a'a. Asalinta ta Dickie Bishop ce a 1957, sai wata ƙungiya mai suna Vipers ta sake yin ta a 1958, waƙa ce ta samari mai sauri, ana kaɗa ta ana rawa, saurayi yana gaya wa budurwa ba ya son kowa sai ita. Paul bai ma mallaki faifan ba, a ka ya riƙe ta shekara 40, kuma daga baya ne ya gano cewa George Martin, wanda ya zama furodusan Beatles, shi ne ya ɗauki ta Vipers ɗin. A nasa bakin sai ya rage mata gudu sosai. Farkonta ba ka jin komai sai bes yana tafiya a hankali kamar takun mai ɗauke da kaya, da muryarsa a ƙasa, kusan magana yake yi. Sannan ganga ta shigo, jita ta riƙa leƙowa tana komawa, muryar ta riƙa hawa har ta kai inda take ɗan tsagewa. Bai sauya ma'anar baitocin ba. Amma maganar "ba na son kowa sai ke" a bakin ɗan shekara 20 alkawari ce, a bakin dattijon da bai cika shekara da rasa matarsa ba kuwa kuka ne. Ban taɓa sa wannan waƙa a rediyo na iya yin magana nan take bayan ta ƙare ba, sai na bar daƙiƙa biyu ko uku sun wuce.

"Lonesome Town" ma haka. Baker Knight ne ya rubuta ta, Ricky Nelson ya rera a 1958 da murya mai sanyi, ƙasa-ƙasa, a kan wani gari da masu karyayyar zuciya suke zuwa su zauna. Paul ya ɗaga ta sama can inda maƙogwaron mai shekara 56 yake wahala kafin ya kai, kuma ana jin wahalar, bai ɓoye ta ba. A tsakiya Gilmour ya shigo ya tallafe shi da murya. Ita ce kuma ya zaɓa ya rera a taron tunawa da Linda da aka yi a Royal Albert Hall ranar 10 ga Afrilu 1999, ya ce waƙa ce da su biyun suke ji suna yara, ita a Amurka shi a Liverpool, tun ba su san juna ba.

Sai ka lura da zaɓin. Wanda yake neman kasuwa, manyan waƙoƙin da kowa ya haddace yake ɗauka. In ka cire "All Shook Up", yawancin na cikin nan ba su ne fitattun masu su ba. "Coquette" a bayan faifan garmaho na Fats Domino take, kuma shi ma Fats ɗin aro ya yi, domin tun 1928 aka rubuta ta. "Shake a Hand" ta Faye Adams ce a 1953, amma Paul ta bakin Little Richard ya san ta, kuma ya ce a wata mashaya a Hamburg kaɗai yake jin ta, a cikin akwatin kiɗan nan da ake jefa wa tsaba. "Movie Magg" ita ce faifan farko na Carl Perkins a 1955, ya rubuta ta yana yaro, labarin ɗan ƙauye da zai ɗauki yarinya a bayan dabbar gonarsu ya kai ta kallon silima. Perkins ɗan manoman auduga ne a jihar Tennessee, abokin Paul ne, sun yi waƙa tare a kundin Tug of War na 1982, kuma ya rasu a watan Janairu na 1998, wata uku kafin Linda. Ka ga ashe makokin ba na mutum ɗaya ba ne.

Yanzu batun sata, wanda shi ne ya fi muhimmanci ga duk mai son shiga wannan sana'a.

A dokar haƙƙin mallaka, kowace waƙa da ka ji a faifai dukiya biyu ce a haɗe. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karin, wannan na marubuci ne da kamfanin da yake kula masa da ita. Akwai kuma ɗaukar da aka yi, wato sautin da aka naɗa a ranar, wannan yawanci na kamfanin faifai ne da mawaƙin. Wanda ya sake rera waƙa bai taɓa dukiya ta biyu ba, sabuwar ɗauka ya yi da muryarsa da makaɗansa. Ta farkon ce yake amfani da ita, kuma biya yake yi. A Amurka tun 1909 doka ta ce da zarar mai waƙa ya fitar da ita ga jama'a, kowa yana iya naɗar tasa, muddin ya sanar, ya biya kuɗin da hukuma ta yanka a kan kowane kwafi, kuma bai sauya ainihin karin waƙar ba. Kuɗin ya zauna a santi 2 na dalar Amurka har zuwa ƙarshen 1977, a 1999 kuwa santi 7.1 ne. In ka bi wannan farashi, waƙa 12 sun tashi sama da santi 85 a kowane kwafi da aka sayar a Amurka. A Birtaniya wata ƙungiya mai suna MCPS ce take karɓa ta raba wa masu haƙƙi. Sunan kowane marubuci yana nan a rubuce a jikin kundin.

To ka ga lissafin neman kuɗi ya juye. Marubuci irin Paul, in kuɗi yake so, nasa zai rera ya haɗa kason mawaƙi da na marubuci. A nan kason marubuci na waƙa 12 ba nasa ba ne. Kuma kundin bai yi wata kasuwar a zo a gani ba: da ya fito a farkon Oktoba 1999, mataki na 12 ya tsaya a Birtaniya, na 27 a Amurka.

Amma kada in bar ka da zaton cewa tarihin wannan al'ada tsarkakakke ne. Zarginka yana da tushe, sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. A shekarun 1950, idan baƙar fata ya yi waƙa ta fara tashe, kamfanoni sukan yi maza su ba wa Bature ya rera ta a tausashe don gidajen rediyon da ba sa sa waƙar baƙi. Pat Boone ya yi wa Little Richard haka da "Tutti Frutti", tasa ta fi ta mai ita hawa a jerin kasuwa. Arthur Crudup, wanda Elvis ya fara suna da waƙarsa "That's All Right" a 1954, ya mutu a 1974 yana talaka, yana bin haƙƙinsa bai samu ba. Ita kanta "All Shook Up" da ke cikin kundin nan, Otis Blackwell ne ya rubuta ta, baƙar fata ɗan Brooklyn, amma in ka duba za ka ga sunan Elvis kusa da nasa, domin sharaɗin da masu kula da Elvis suke gindayawa ke nan: in kana so ya rera waƙarka, sai ka sallama wani kaso. Sun nemi yi wa Dolly Parton haka a kan "I Will Always Love You", suka ce sai ta ba da rabin haƙƙin, ta ƙi. Da Whitney Houston ta sake rera ta a 1992 ta game duniya, Dolly ce ta ci gumin alƙalaminta cikakke. Satar tana wajen goge suna da danne kaso. Rerawar kanta, in an ambaci mai abu an biya shi, raya waƙa ce.

Shi ma Paul ya taɓa shan wannan zargi, kuma a ƙasarmu. A 1973 da ya zo Legas ɗaukar Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa, Fela Kuti ya fito fili ya ce ya zo satar kiɗan Afirka ne. Sai da Paul ya gayyace shi ya sa masa abin da suka naɗa ya ji da kunnensa kafin ƙura ta lafa. Tsoron Fela ba na banza ba ne, ya san abin da aka yi wa irin su Crudup. Shi ya sa nake ganin darajar kundin da ya jera Chuck Berry da Larry Williams da Big Joe Turner da Fats Domino da sunayensu, a lokacin da matasan 1999 da yawa ba su san cewa daga hannun waɗannan baƙaƙen Amurka rok ya fito ba. "Brown Eyed Handsome Man" ta Chuck Berry, ta 1956, mutane da yawa sun fahimce ta a matsayin kirari ga baƙin mutum, an sakaya launin fata a cikin launin ido saboda zamanin bai yarda a faɗa a fili ba. Paul ya sa mata akodiyon, Chris Hall ya kaɗa, ta koma kamar kiɗan ƙauyukan Louisiana.

Wani abin da tambayarka ta tsallake shi ne, shi wannan mutum da waƙar wasu ya shiga sana'ar tun farko. Ranar 6 ga Yuli 1957, a wani bikin coci a unguwar Woolton, aka gabatar da shi ga John Lennon, wanda daga baya suka yi Beatles tare. Abin da ya sa John ya ɗauke shi da muhimmanci shi ne ya karɓi jita ya rera "Twenty Flight Rock" ta Eddie Cochran, bai ci baiti ko ɗaya ba. Daga 1960 zuwa 1962 a gidajen rawa na Hamburg sukan kwashe sa'o'i suna kiɗa kowane dare, kuma da waƙoƙin Amurkawa suke cika lokacin. Kundinsu na farko waƙa 14 ne, shida na wasu. Na biyu ma haka, na huɗu ma haka. A cikin haddar waƙoƙin mutane suka koyi yadda ake gina tasu, kamar yadda ɗan amshi yake shekaru a bayan maigidansa kafin ya buɗe baki da tasa. Kuma shi ma an yi masa: "Yesterday" an sake rera ta fiye da sau 2,000, Joe Cocker kuma ya ɗauki "With a Little Help from My Friends" a 1968 ya sauya mata kama har ta hau na ɗaya a Birtaniya.

Na ce maka da yawan irin wannan kundi zarginka ya hau kansu. Na John Lennon, Rock 'n' Roll na 1975, da shari'a a gindinsa: Morris Levy, mai riƙe da haƙƙin "You Can't Catch Me" ta Chuck Berry, ya kai ƙara cewa "Come Together" ta Beatles, wadda John ya rubuta, ta ɗebo daga cikinta, aka sasanta a kan John zai rera waƙa uku daga rumbun Levy. Aikin ya haɗu da shaye-shaye da rigima, har furodusa Phil Spector ya tafi da kaset ɗin na wani lokaci. Akwai wurare masu kyau a ciki, amma ana jin gajiya. Rod Stewart kuma daga 2002 zuwa 2010 ya jera kundi biyar na tsoffin waƙoƙin soyayyar Amurka, suka sayu da miliyoyi, na ukun ya ba shi lambar yabo ta Grammy ta farko a rayuwarsa. Ina tausaya masa, domin an yi masa aiki a maƙogwaro a 2000 kuma sai da ya sake koyon rerawa. Duk da haka in ka ji ɗaya ka ji biyar ɗin, waƙoƙin sun shiga bakinsa sun fito yadda suka shiga. A ɗaya gefen akwai Johnny Cash, wanda a 2002, yana tsoho ciwo ya ci ƙarfinsa, ya ɗauki "Hurt" ta Trent Reznor, waƙar saurayi mai fama da ƙwaya, ta zama wasiyyar dattijo. Shekara ɗaya bayan haka ya rasu. Abin da nake saurara a kowane irin wannan aiki ke nan: waƙar ta faɗi wani abu a bakin wannan mutumin wanda ba ta faɗa a bakin mai ita ba? In ta faɗa, aikin ya halatta. In ba ta faɗa ba, gara ka nemi ta asalin.

Ko a cikin Run Devil Run ba duka ne suka haye wannan gwaji ba, kuma ba zan rufe maka ba. "I Got Stung" da "Party" ƙarfi ne da gudu kawai, suna da daɗi a mota, amma ba su ƙara wa na Elvis komai ba. Jitocin Gilmour da Green a wasu wuraren sun yi wa waƙoƙin nauyi, domin kiɗan 1950 yana da wani rangaji mai sauƙi wanda ƙarar zamani take dannewa. "Honey Hush" kuwa, duk da Paul yana tuna ta da safiyar da ya kwana a ɗakin John na ɗalibta aka sa faifan Johnny Burnette, kalmominta na yi wa mace tsawa ne da barazana, kuma ban ga wurin zamanta a kundin da ƙaunar mace ta haifa ba. Nasa ukun an gina su ne da gangan a kan tsarin na da, don kada a ji inda aka yi ɗori. "What It Is" ya ce don Linda ya rubuta ta. "Try Not to Cry" sunanta ma ya isa, kuma ita ce wurin da ya fi kusa da faɗin abin da ke ransa kai tsaye, amma sai ya ɗora ta a kan kiɗa mai tsalle. Sunan kundin a wani kantin magani ya samo shi, Miller's Rexall da ke birnin Atlanta, inda ya ga ana sayar da kayan wanka da man shafawa masu wannan suna, waɗanda masu saye suka yi imani suna korar sharri. Hoton kantin ne a bangon kundin, an sauya sunan da ke jikin allon.

Ba shi ne karonsa na farko ba, ba kuma na ƙarshe ba. A 1988 ya yi wani na tsoffin waƙoƙin rok wanda da fari a Tarayyar Sobiyat kaɗai aka sayar da shi, a 2012 kuma ya yi Kisses on the Bottom, waƙoƙin zamanin mahaifinsa, biyu kacal nasa. Na 1999 ya fi su duka a kunnena, saboda a cikinsa ne kaɗai ake jin cewa mai rerawar yana buƙatar waƙoƙin fiye da yadda suke buƙatarsa.

Ranar 14 ga Disamba 1999 ya ɗauki makaɗan nan ya kai su Cavern a Liverpool, gidan kiɗan ƙarƙashin ƙasa inda Beatles suka yi wasa kusan sau 300, na ƙarshe a watan Agusta 1963. Na asalin an rufe shi a 1973, aka sake gina shi a 1984 da tubalan tsohon. Mutum 300 kawai wurin ya ɗauka a daren, sauran duniya ta intanet suka kalla. Waƙar Beatles ɗaya ya yi, "I Saw Her Standing There". Ya kuma sa "Twenty Flight Rock" a jerin, wadda ba ta cikin kundin, ita ce dai wadda ya rera wa John yana ɗan shekara 15.

In za ka koma ka saurara, kada ka fara daga waƙa ta ɗaya. Nemi "No Other Baby" ta Vipers ka ji, sannan ka sa tasa. Ka yi haka da "Lonesome Town" ta Ricky Nelson. Bayan nan ka sa kundin daga farko har ƙarshe, minti 40 ne da 'yan kai, kuma ka ɗaga sautin.